Wanda Ya Kwance Bambar Likita

Ranar Litinin da safe, tun Mai Abinci ba ta gama jera kwanukanta ba, ihu ya tashi a garejin bayan tasha. Bambar gaban motar Likita ta ɓace.

To, sai an san motar kafin a san girman abin. Ja ce, mai ƙofa biyu, gajeriya, cikinta kusan yana shafar ƙasa, irin ta masu tsere. Ta girmi rabin ma'aikatan garejin. Mai ita tsohuwar likitar mata ce da ta yi ritaya, kuma ita ta karɓi haihuwar kusan duk wani mai riƙe sifana a wurin, shi ya sa ba mai iya ɗaga mata murya. Wata biyu da suka wuce ta zo shiga gida, tsohuwar bambar ƙarfe ta rabe biyu. Ita dai ta ce ginshiƙin ƙofa ne ya matso. Aka nemi irinta ko'ina, ashe kamfanin ma ya daina yi tun tuni. Sai ɗanta ya aiko mata da ta sabon samfuri, ta roba, mai faɗi, da ƙananan fitilu biyu a jiki. Fanabita uku, masu miƙar da jikin mota, suka duba, kowa ya girgiza kai. Ramukan noti ba su yi daidai ba, bakinta ya fi fuskar motar faɗi, gefenta na gogar taya.

Wani fanabitan, Mai Alli, shi ne ya ce a kawo masa. Sunan ya bi shi saboda guntun allin da ba ya barin bayan kunnensa, har matarsa ta taɓa gaya wa maƙwabciya cewa da shi yake wanka. Sati uku ya yi a kan bambar nan. Ya rage gefenta kaɗan-kaɗan, ya ƙera mata kunnuwan ƙarfe da za su riƙe ta a jikin shasi, wato ƙashin motar, ya ja wa ƙananan fitilun waya. Ranar Asabar da yamma ya ɗora ta. Wanda duk ya gani sai ya tsaya baki buɗe, don motar ta koma kamar bazawarar da ta sami tela mai hannu. Aka ce Litinin za a ƙarasa ɗauri, Likita ta zo da ƙarfe huɗu ta ɗauka.

Ga Litinin ɗin, ga mota a kan jak, fuska wayam kamar tsohuwar da ta cire haƙoran roba.

Shugaban garejin, wani makanike mai tumbi wanda ya fi son taro a kan aiki, ya ɗaga kwaɗon babbar ƙofa sama ya nuna wa kowa.

"Lafiyarsa ƙalau, ba a fasa ba. Makulli biyu ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya a hannun Mai Alli don shi ke sammako. Ni jiya ina gidan suna tun safe, mutum ɗari sun gan ni."

"Kwano ɗari ma sun gan ka," in ji Mai Abinci.

Ba wanda ya yi dariya sosai, don idanu duk sun koma kan Mai Alli. Yana tsaye jikin motar, hannu a baya.

"Kun san dokar ƙungiya," in ji Shugaba. "Kayan mai mota ya ɓace a rumfarka, ba fashi ba gobara, rumfa ta tashi daga hannunka, a aika wa sauran garejoji kada kowa ya karɓe ka. Na ba ka zuwa ƙarfe huɗu. In Likita ta iso babu bamba, ni da kaina zan kira 'yan sanda."

*

A bakin ƙofar garejin akwai wani dattijo mai facin taya, Baba Mai Faci. Siriri ne, ga ido ƙanana kamar kullum rana na dukansa. Kafin ya zauna gaban bahon ruwa yana neman hujin tif, shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata a daji. An ce ya taɓa bin saniya kwana shida, ya gane ta a kasuwa bayan an rina mata jela. Kuma Mai Alli mijin 'yarsa ne ta fari, ga jikoki huɗu a gidan haya, abincinsu duk daga rumfar nan yake fitowa.

Ya wanke hannu, ya tako a hankali. Da ya ga yadda aka tattake gaban rumfar sai ya yi tsaki.

"Ku ja da baya. Ko garken tumaki bai kai ku ɓarna ba."

"Baba, ai surukinka ne," in ji wani mai fenti. "Me za ka gani in ba abin da kake so ba?"

"In na ga shi ne, ni zan riƙe masa hannu a sa ankwa. Matsa, takalminka na zubar da fenti."

Waje ya riga ya lalace, amma ƙarƙashin mota ba wanda ya shiga. Baba Mai Faci ya kwanta rub da ciki, ya sa kunci a ƙasa, ya daɗe yana kallon ƙasar da baƙin mai ya jiƙa. Ya ga wayoyin ƙananan fitilu ba a tsinke ba, an zare su ne, an naɗe bakin kowace da baƙin salatif. Ya ga notuna takwas, kowane an mai da shi raminsa an murɗa sau biyu don kada ya ɓata. Ya ga shatin kwali a ƙasa, inda aka shimfiɗa don a kwantar da bamba kada ta karce. A gefen hagu kuma, daf da taya, ga ramuka uku ƙanana sun nutse a ƙasa, irin na ƙafafun kujerar ƙarfe.

Mai fentin nan ya leƙo, ya ga notunan, ya buga ihu.

"Jama'a, an mai da noti gidansa! Wa ke yin haka a garejin nan in ba Mai Alli ba? Ɓarawon waje yana da lokacin wannan ladabin?"

Guna-guni ya ƙaru. Baba Mai Faci ya fito, ya kaɗe riga, ya kira surukinsa gefe. Tun da aka ɗaura auren nan ba su taɓa haɗa ido ba, yau ma kowa taya yake kallo.

"Ɗan nan, in kana kwance bamba, zaune kake yi?"

"A'a Baba, a kwance nake yi, a kan kwali."

"Jiya ina kake?"

"Ina gida, Baba. Ku tambaye ta."

"Wa kake zato?"

Mai Alli ya sunkuyar da kai. "Ba na zaton kowa, Baba."

Dattijon ya lura da abu ɗaya. Mutumin da aka yi wa sata yakan yi ta kiran sunaye, har na wanda ya mutu bara. Wannan kuwa ya kulle baki kamar wanda ya haɗiyi ƙusa.

*

Rumfar Mai Abinci ita ce gidan rediyon garejin. Ta zuba masa shayi tun bai tambaya ba, ta matso da benci.

"Ni ba na son magana, Baba, ka sani."

"Na sani, 'yar nan. Ki daure."

"To, Mai Kaya na can tsallaken titi, mai sayar da kayan mota. Sau uku yana zuwa yana shafa bambar nan kamar amarya. Da kunnena na ji ya ce wa Mai Alli, a sa wa tsohuwa ta jabu mana, ina za ta gane? Mai Alli ya kore shi. Kuma jiya an ga an rufe shagonsa da rana tsaka, shi da ko ranar da uwarsa ta rasu sai da ya buɗe rabin ƙofa."

"Ranar Asabar wa da wa suka zo kallo?"

"Wa ya rage? Har Oga Guduma ya zo. Ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ƙasa, ya tafi ko shayinsa bai shanye ba. Tsufa dai."

Oga Guduma shi ya koya wa Mai Alli aiki, shi ya koya wa rabin fanabitan garin. Ya bar aiki shekara biyar, amma duk Asabar sai ya zo ya zauna ya kushe wa mutane. Bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba a rayuwarsa. Cewa yake idonsa ne tef, kuma duk motar da ya miƙar, ko gashin kai ba ta karkace ba. Shekara arba'in yana wannan kirarin, ba wanda ya taɓa ƙaryata shi.

"Kwaɗon ƙofar nan, yaushe aka canza shi?"

Mai Abinci ta tuntsire da dariya. "Canji? Kwaɗon nan ya girme ni a garejin. Shugabanni uku ya binne."

*

Mai Kaya na zaune cikin shagonsa, fitilu da madubai na rataye a kansa, ya ɗaure ƙugu da wani faffaɗan bel na ciwon baya. Baba Mai Faci ya kalli bel ɗin, ya kalli 'yar kujerar ƙarfe mai ƙafa uku da ke bakin kanta, zuciyarsa ta ce to.

"Jiya ka rufe shago."

"Haramun ne?"

"A'a. Ina ka je?"

Mai Kaya ya hau zufa. Ya ce asibiti, ya ce a'a gidan ƙanwarsa, ya ce ina ruwan mai faci da tafiyarsa. Dattijon bai yi musu ba. Ya ɗauki kujerar ya juya ƙafafunta sama. An sa musu tafin roba, faffaɗa, ba za su huda ƙasa ba. Sannan ya dubi yadda aka kwance wata fitila a kan kanta, an datse wayarta da almakashi, notunanta a warwatse cikin gwangwanin madara tare da ƙusoshi da maɓallai.

"Kai ka kwance wannan?"

"Ni mana."

"Allah ya shirye ka. To ba kai ba ne. Amma faɗa mini inda ka je, don in rufe bakin masu magana."

Mai Kaya ya leƙa waje, ya rage murya. Ashe wurin mai rina furfura ya je, a can wata unguwa mai nisa, don yana neman wata malamar makaranta kuma ya rage wa kansa shekara goma sha biyu. Baba Mai Faci ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. Bai faɗa ba kuwa. Yadda labarin ya kai rumfar Mai Abinci kafin azahar, Allah kaɗai ya sani.

*

Rana ta take. Ya koma ƙarƙashin motar, wannan karon da tocila. Da safe ƙasa ya karanta, yanzu sai ya ɗaga kai ya dubi cikin motar.

Shasin motar yana da hannuwa biyu da suka miƙo gaba, dama da hagu, a nan bamba ke kamawa. Mai Alli ya cika su da rubutun alli, layi da lamba da ɗan kibiya, kamar allon makaranta. Baba Mai Faci bai iya karanta lamba sosai ba, amma ya san abin da aka taɓa da wanda ba a taɓa ba. Na dama, rubutu yana nan garau. Na hagu ma duk yana nan, in ban da wuri ɗaya a can baki, inda aka goge da babban yatsa, da yawu, har sau biyu, don allin ya bar farin shafe a kan tsatsa.

Ya daɗe a kwance yana kallon wannan shafen. Mutum ya zo satar bamba, ya sami bamba, me ya haɗa shi da alli?

Ya fito ya sake kiran surukinsa.

"Me ka rubuta a bakin hannun hagu?"

Sai da aka maimaita tambayar Mai Alli ya amsa.

"Awo ne kawai, Baba."

"Awon me?"

"Na hagu ya gaza na dama. Da faɗin yatsa ɗaya."

"Karon ginshiƙi ne ya jawo?"

"A'a Baba. Tsohon abu ne." Ya ɗago kamar zai ƙara, sai ya ce, "Baba, don Allah ku bar maganar nan. In rumfa ce, Allah zai ba ni wata."

"Allah zai ba ka, amma jikokina ba za su ci alli ba kafin nan."

*

Gidan Likita ba nisa. Ya same ta a falo, ƙafa a kan matashi, tabarau a kan hanci, tana faɗa da mai aiki a kan labule. Labarin ya riga shi isowa.

"Mai Faci, in ba a samo bambar nan ba, duk wanda na ciro daga cikin uwarsa a garejin nan zan mai da shi."

"Za a samo, ranki ya daɗe. Tambaya ɗaya na zo yi. Motar nan ta taɓa yin babban hatsari?"

Ta cire tabarau, ta kori mai aiki da hannu.

"Zauna. Shekara ashirin da biyar ke nan. Marigayi mijina ne ke tuƙi, ya rungumi bishiya ta gefen hagu. Shi ko ƙwarzane. Amma akwai wata a kujerar gefe, ta fasa leɓe. Ya ce mini 'yar ƙanwar abokinsa ce, ya rage mata hanya. Ni na ɗinke mata leɓen da hannuna, ban sa mata allurar kashe zafi ba, don a ranar ta ƙare mana." Ta mai da tabarau. "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne in yana barci."

"Amin. Wa ya gyara motar?"

"Wa kuwa? Guduma. Kowa ya ce a sayar wa masu ƙarafa, shi ya ce a ba shi wata ɗaya. Ya dawo da ita kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Daga motar nan ai sunansa ya tashi."

Baba Mai Faci ya yi godiya ya miƙe. A hanya bai ji daɗin ransa ba ko kaɗan. Shi da Guduma sa'o'in juna ne, kuma a daji ma bai taɓa son ranar da sawu ya kai shi ƙofar wanda ya sani ba. Ya biya ta rumfar Mai Abinci, ya ce ta aika a gaya wa Oga Guduma ana taron ƙungiya da uku da rabi, ana bukatar dattawa.

*

Aka taru gaban jar motar. Shugaba a kan benci, Mai Kaya da baƙin gashinsa mai sheƙi, Mai Abinci da ludayi a hannu, Mai Alli a tsaye can gefe. Likita ba ta jira ƙarfe huɗu ba, ta zo a tasi aka ba ta kujera. Oga Guduma ya iso a ƙarshe yana dogara sanda, ya zauna a baya, bai kushe wa kowa komai ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Baba Mai Faci ya tsaya a tsakiya.

"Ni ban yi boko ba, abin da ƙasa ta gaya mini zan faɗa. Wanda ya kwance bambar nan ya shigo da makulli, da rana, bai yi gaggawa ba. Ba ya iya kwanciya a ƙasa, a kujera ya zauna. Wannan ya fid da surukina."

"Ya sa ni ciki ke nan?" in ji Shugaba yana shafa tumbi.

"Kai da za ka sunkuya a nan, da sai an kira masu jak sun ɗaga ka. Kuma kai noti a aljihu kake zubawa, matarka ce shaida. Wannan kuwa ya mai da kowane noti gidansa, ya naɗe waya, ya shimfiɗa kwali. Hannun gwani ne, gwanin da ko sata ya zo yi ba zai iya aikin banza ba. Ni shekara talatin ina bin ɓarayi, ban taɓa ganin mai tsabtar wannan ba."

Ya haska tocila a hannun shasi na hagu.

"Amma ga abin da ya tona shi. Ya goge lamba ɗaya. Lambar da ta ce hannun nan ya gaza ɗan'uwansa da yatsa ɗaya, tun shekara ashirin da biyar. Ɓarawo bai damu da wannan ba. Mai Kaya bai damu ba. Mutum ɗaya ne a garin nan lambar nan za ta hana shi cin abinci. Ba zan kira suna ba. In ya ga dama ya bar yaron da ya koya wa aiki a kore shi, ga ƙarfe huɗu nan ta kusa."

Mai Alli ya matso da sauri.

"Shugaba, na yarda, a karɓi rumfar. Ni na yi sakaci."

"Rufe mini baki."

Oga Guduma ne. Ya miƙe da ƙyar.

"Rufe baki, ban koya maka ƙarya ba. Ni ne. Tana ɗakina a kan katifa, ni a tabarma na kwana." Ya juya wajen Baba Mai Faci. "Kai kuma tsohon banza, da shanu ka tsaya."

"Shanu ba sa goge alli."

Guduma ya share fuska da hular hannunsa. Ya ce tun a wancan lokacin ya san hannun hagu bai kai ba. Wata ɗaya ya cika, mai mota na hanya, sai ya lanƙwasa tsohuwar bambar ƙarfe kaɗan ta rufe gibin, ba wanda ya gani. Ranar Asabar da ya leƙa ya ga lambar a rubuce, fari fat, sai ya ji kamar an rubuta ta a goshinsa. Ya ce a ransa Litinin kowa zai taru, za a tambayi dalilin lambar, kirarin shekara arba'in ya tashi a banza. Makullinsa na tun lokacin da yake shugaban garejin yana nan. Ya zo Lahadi da hantsi, ya kwance ta, ya sa a motar ɗansa, da niyyar ya rage gefen dama ta yadda za ta zauna daidai ko an goge awo, ya dawo da ita kafin a buɗe.

"To me ya hana ka?" in ji Likita.

"Sau uku ina ɗaukar zarto ina ajiyewa, Likita. Ban ga inda zan sa shi ba. Kun ga bakin da yaron nan ya yanka? Sa yatsa ka bi, ba za ka san ba daga kamfani ta zo haka ba. Waldar kunnuwan kamar ɗinkin hula. Ni a ƙuruciyata ban yi irinta ba. Na zauna ina kallonta har rana ta faɗi. Da safe na taho da ita, na hango taro a ƙofa, sai ƙafata ta ƙi."

Aka tura motar Shugaba ta ɗauko bamba, a naɗe cikin bargo. Da aka kwance, Baba Mai Faci, wanda idonsa ba ya hutawa, ya ɗora yatsa a kan kunnen ƙarfe na hagu, ya ɗora a na dama.

"Ɗan nan, wannan ya fi wannan tsawo."

Mai Alli ya kalli ƙasa. "Da yatsa ɗaya, Baba. Tun satin farko na ƙara masa. Da na ga sawun guduma a shasin na san hannun Oga ne. Na yi niyyar in goge allin yau da safe kafin kowa ya zo, in ɗaure ta, shi ke nan. Mantuwa na yi ranar Asabar."

Guduma ya karɓi bambar ya duba kunnen, ya daɗe yana dubawa. Ashe abin da ya yi sata don ya ɓoye, an riga an rufa masa shi sati biyu da suka wuce, kuma ya kwana da ita a ɗaki bai lura ba, shi mai idon tef. Mai Abinci ta sa gefen zane tana share ido, amma kunnenta na nan a buɗe.

Shugaba ya gyara murya. "To, doka dai..."

"Dokar me?" in ji Likita. "Kayana ne, ga su. Shekara ashirin da biyar ina tuƙa motar nan da yatsa ɗaya a gaje, ban mutu ba. Rumfar yaro tana nan. Guduma kuma ya miƙa makulli, ya daina shiga gareji ranar Lahadi kamar aljani. Yanzu wa zai ɗaura mini bamba, ko sai na haifo wani fanabitan?"

Mai Alli ya jawo kwali ya kwanta, ya shige ƙarƙashin motar. Bamba doguwa ce, dole wani ya tallafe ɗaya gefen. Mutum huɗu suka yunƙuro, Oga Guduma ya tare su da sanda. Ya jingine ta, ya durƙusa da ƙyar a gaban kowa, gwiwoyi na ƙara, ya tallafi gefen hagu da hannu biyu.

"Haka ya yi, Oga, ko in ɗaga?" Guduma ya tambayi Mai Alli.

Muryar Mai Alli ta fito daga ƙarƙashin motar.

"Ku ɗan ɗaga kaɗan. Yawwa. Ku riƙe a nan."